Hagu Ashirin

"Sannu da hutawa, Kaka, ya zafin ra..."

"Sauke jakar tukuna. Gaisuwa ba ta ruɓewa."

Shekara ashirin da bakwai Malam Uba ya yi yana gadin ƙofar wani kamfanin silifas a Sharaɗa. Da ƙarfi ya ja baya aka sallame shi da agogon bango da takardar yabo, sai dai hannunsa bai ji labarin sallamar ba. Ya dasa benci a zauren gidansa na Panshekara, kuma tun daga ranar babu jaka, babu leda, babu ƙullin zane da zai shiga ko ya fita bai leƙa ba. Ba ya ɗaukar komai. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Wuce." Mutanen gida sun saba, maƙwabta sun saba, har mai kawo takardar wuta ya san ya buɗe tasa tun daga nesa.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, mai gaisuwar kuma Aina'u ce, jikarsa ta wajen ɗansa Alhassan, wadda ke aiki a kamfanin minti. Uwarta Bakatsiniya ce, shi kuwa tsohon Bahaɗeje ne, don haka wasa biyu ya haɗa su, na jika da kaka da na gari da gari. Ta shigo da babbar jakar bakko a ka da ƙaramar jaka a kafaɗa.

Kwana huɗu ke nan gidan yana raɗa. Da ya leƙa tsakar gida sai a yi tsit, a hau zancen tsadar gawayi. Amma jaka ba ta iya raɗa ba. Ya san gobe da asuba bas za ta tsaya a ƙofar gida ta kwashi iyali zuwa Katsina ziyara. Ya san mutum goma sha takwas take ci. Ya kuma san ba a sa da shi ba.

"Kai tsoho, kamfanin nan fa ya sallame ka tun ina firamare."

"Kamfani ya sallame ni, ƙofa ba ta sallame ni ba. Sauke."

"Ka bari dai in ƙarasa gaisuwar, kar a ce jikar Malam Uba ba ta da tarbiyya."

"An riga an faɗa. Rabin jininki na Katsina ne, ba yadda za a yi. Sauke, Amarya."

"Wa? Ni? Allah ya tsari gatari da saran shuka! Ango ba haƙori, sadaki busasshen kifi."

"Kifin Haɗeja kike rainawa? Kakanninki sai da salla suke ganin ƙayarsa, su rataye ta a ɗaki suna nuna wa baƙi."

"Mu masu cin nama me ya haɗa mu da abincin masu kiwon kwaɗi?"

Ta dire bakkon a gabansa tana dariya, ta ajiye ƙaramar jakar a kan bencin ta jira layinta, kamar yadda doka ta tanada. Ya zuge zip a hankali. Tabarmar roba. Buta biyu. Ledar minti. A ƙasa kuma wata baƙar leda, cikinta ɗauri biyu na silifas ɗin yara, rawaya shar, kowane ɗauri an zagaye shi da jan zare. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga ɗayan, ya ɗan daɗe yana kallon zaren. Sannan ya ajiye su a gefen ƙafarsa.

"Makaranta za ki buɗe?"

"Sana'a zan fara."

"Sana'a. Da buta biyu da tabarma."

"Mai sana'a ba ya salla ne?"

"Yana yi. Na ma ji an ce silifas na kasuwa sosai a gindin Gobarau."

Aina'u ta dafe kai, ta zube a bakin bencin.

"Wa ya gaya maka? Firdausi ce, wallahi! Yarinyar nan bakinta rariya ne."

"Ba ruwan Firdausi. Tun Laraba jakunkuna ke ba ni labari. Hulunan yara sun fita wanki, jarkar ruwa ta shigo, mudun wake huɗu ya wuce ta nan ba biki ba suna. In ka ga gida ya yi shiru da tsoho, to ko dai za a yi masa allura ko za a tafi a bar shi."

"To tunda asiri ya tonu, bari ka ji tsari, don ka san jikarka ba ta wasa. Ana sallame asuba mota ta tashi. Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanchi, kafin rana ta yi zafi muna cikin birni. Mu fara da hasumiyar Gobarau, yara su hau su sauko. Sai kabarin Wali Ɗan Marina mu yi addu'a. Mu shimfiɗa tabarma mu ci abinci, mu gaida dangin Umma, kafin magariba muna gida. Litinin kowa ya koma bakin injinsa. Ni kaɗai na tsara, na ce kar wanda ya sa min baki. Yara tara, manya takwas."

"Tara da takwas, sha bakwai."

"Ashe kan bai gama tsufa ba."

"Motar kuwa sha takwas take ci."

"Ta sha takwas ɗin da mai ita."

"Waye?"

"Kula."

"Kula? 'Yar gidan waye? Ban san da ita a dangi ba."

"Kular abinci, Kaka! Babbar nan ta biki. Shinkafa da wake za a cika ta. Bayan mota ya cika da jarkoki, dole ta zauna a kujera."

Malam Uba ya shafa gemu, ya dubi rufin zaure.

"Ikon Allah. Na rayu har na ga ranar da aka ba tukunya kujera, aka bar maigida da gadin kaji."

"Kula ba ta ciwon gwiwa. Kula ba ta tsayar da mota a kowane ƙauye ta ce za ta kama ruwa. Baba ne ma ya ce gwiwarka ba za ta ɗauki zaman mota ba."

"Alhassan? Yaron da ya yi wa gwiwar nan fitsari ya fi sau ɗari, yau shi ne likitanta?"

"Ba ma gwiwar kaɗai ba. Ka manta ranar da aka kawo lefen Anti Saudat? Ka tsare dangin ango a zauren nan, akwati shida, ɗaya bayan ɗaya, har kana ɗaga ƙananan kaya kana dubawa a hasken rana?"

"Ai sun wuce lafiya. Ba a samu kowa da laifi ba."

"Gwaggon ango har yau in ta gan mu a biki sai ta rungume jakarta! Haka kawai mu je wajen bayin Allah ka tsaya a bakin ƙofa ka ce wa malamai su sauke kaya?"

"Wa ma ya ce miki ina son zuwa? Garin barorina? Ni in wanke ƙafa in tafi gaida Katsinawa? Su ke zuwa gaishe ni, su durƙusa, in ba su kan kifi su yi ta godiya."

"To alhamdu lillahi, magana ta ƙare."

"Gobarau ɗin ma da kike ta zumuɗi, ba don kakana ba da yanzu ba wannan labarin ake ba."

"Wane kakan naka kuma?"

"Masunci ne. Ya kai musu kifi, ya tarar sun gina hasumiya har sama sun manta ba su yi matakala ba. Kwana uku magina na can ƙoli suna kuka, kunya ta hana su neman taimako. Shi ya jefa musu koma ya sauko da su ɗai-ɗai kamar tarwaɗa."

"Innalillahi! Tsoho da furfura, a bayan la'asar!"

"Ki tambaya in kin je. Za su musa, a nan za ki gane gaskiya ce."

"Ka taɓa ganinta ma kuwa, hasumiyar?"

"In ka hau samanta kana hango hayaƙin kamfanonin Challawa."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan. Ka taɓa ganinta?"

"Tana da tsawo."

"Direbobi ne suka gaya maka."

Ya sunkuya ya ɗauko ɗauri ɗaya na silifas ɗin, ya juya shi a hannu kamar mai taya kaza.

"Waɗannan a ƙofar kamfaninmu kika saya?"

"Ƙwarai. Na 'yan kamfani, masu sauƙin nan da ake fitarwa ranar Asabar. Ka ga dabara: duk inda za mu shiga sai an cire takalmi. Bara da salla Auwalu ya tafi idi da sabon takalmi ya dawo da na wani tsoho, ƙafa ɗaya ma. To bana kowa rawaya. Duk yaron da na hango da rawayar ƙafa nawa ne, in damƙo shi. In an tara takalma a bakin ƙofa, namu na haskawa tun daga nesa."

"Kai, wannan tunani! Da kanki kika zaɓa?"

"Da hannuna. Ɗauri huɗu suka rage na rawaya, biyu da jan zare, biyu da baƙi. Kafin kowa ya miƙa hannu na kwashe jajayen. Sun fi kyau."

"Madalla. Ido gare ki."

"Jinin Katsina ke nan."

"Shi ne kuwa, ba gauraye. Kwance ki jera min su a ƙasa, Amarya, in ga kyansu. Idona ba ya gani a ɗaure."

Ta tsinke zaren da haƙori, ta zazzage su a kan siminti, ta durƙusa tana haɗawa tana 'yar waƙa. Ta ɗauki ɗaya, ta nemo ɗan'uwansa, ta kanga su. Ta sake ɗaukar wani. Waƙar ta tsaya.

"Wannan hagu ne. Wannan ma... hagu."

"Duba dai."

"Hagu. Hagu. Kai! Bari in buɗe ɗayan, na daman suna ciki."

Ta tsinke zare na biyu. Ta baza su, ta jujjuya, ta kifa wasu ta duba ƙasansu ko za su sake ra'ayi. Silifas ashirin suka yi sahu a zauren Malam Uba, duk sun karkata gefe ɗaya kamar masu jin haushin bango.

"Kaka. Duk hagu ne."

"Allah mai iko. Kin ga ko ɗaya bai saɓa wa ɗan'uwansa ba."

"Ka sani! Tun da ka ɗaga su ka sani!"

"Ni aikina dubawa ne. Amma tunda kin tambaya: inji ƙafa biyu yake zubawa a tare. In ɗaya ta fito da tabo a mayar da ita a narke, mai kyan a jefa ta a buhu. In sun taru, na hagu a ɗaure su goma-goma da jan zare, na dama da baƙi. Duk wanda ya taɓa shan ruwan famfon kamfanin nan ya san ja ɗaya baƙi ɗaya ake ɗauka."

"Mai sayarwar bai gaya min ba!"

"Kin tambaye shi?"

"Ana ta turereniya, an tashi daga aiki, ni kuma ina sauri in je tasha in ga direba..."

"Sauri ya haifi nawa. Amma kar ki damu, ni ina ganin dabarar ma ta fi ta farko. Yaro da hagu biyu ba ya ɓata. Ki sake su a gindin Gobarau, zagaye za su dinga yi kamar akuya a turke, duk inda suka nufa su dawo gabanki."

"Kaka!"

"Katsinawa su fito kallo. Su ce, waɗannan yaran waye? A ce na Bakatsiniyar nan ne mai ido."

Dariya ta ci ƙarfinta duk da haushin, ta zauna dirshan a tsakiyar silifas ɗin tana share hawaye da bakin mayafi.

"Na shiga uku. Kamfani ya rufe sai Litinin. Bari in ruga kasuwa."

"Ruga. Ki samo rawaya iri ɗaya, ƙafa tara, daga na ɗan yaye har na ɗan aji shida, kafin a kira magariba. Sannan ki dawo ki gaya wa ubanki da gwaggwanninki inda za a kai hagu ashirin. Ke da kika ce kar wanda ya sa miki baki."

"Wallahi sai sun sa min suna. Har in tsufa Aina'u Hagu za a dinga ce min."

"Ya ma yi daɗin faɗa. Bari in gwada: Aina'u Ha..."

"Kar ka soma!"

Ya ɗauko goro daga aljihu, ya ɓantara, ya tauna a gefen da sauran haƙoran suke. Wata adaidaita sahu ta wuce da ma'aikatan Challawa, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

"Ɗauri huɗu kika ce kin tarar."

"Huɗu."

"Kika ɗauki biyu."

"Eh mana."

"Allah sarki. Ashe wani bawan Allah na can da dama ashirin."

"Shi ya jiyo. Ni ta kaina nake."

"Haka ne. Kowa ta kansa yake." Ya ƙara tauna goron. "Da azahar ma wata jaka ta shigo zauren nan. Baƙar leda a ciki. Na ce, oh, yau kuma rawaya ake yayi."

Aina'u ta miƙe zumbur.

"Ta waye?"

"Wai me?"

"Jakar! Ta waye?"

"Af. Kin san gwiwar nan tawa. In ta motsa har tunani take taɓawa. Alhassan ma ya faɗa."

"Kaka na kaina. Angon duniya. Bahaɗeje sarkin ruwa, wanda kakansa ya ceci Katsinawa da koma."

"Ɗazu kika ce ƙarya ce."

"Yanzu na tuna, Umma ma ta taɓa ba mu labarin. Ga minti, leda guda."

"Ba haƙori."

"Shi minti ai tsotsa ake."

"Likita ya hana."

"In kawo maka furar Katsina, mai ɗumi, a sabuwar ƙwarya."

"Fura ta yi tafiyar awa uku a mota kusa da ƙafafun yara? A kai kasuwa."

"To zan shiga in tambayi Umma wa ya shigo da azahar."

"Shiga. Mutum sha ɗaya ne suka shigo yau. Ita ta san fuskarsu, ni na san cikin jakarsu. Ki bi su gida-gida, Panshekara ai ba ta da girma."

"Wai kai wane irin tsoho ne? Abin da babba ya hango..."

"...yaro ko ya hau Gobarau ba zai hango ba. Balle da hagu biyu."

Ta riƙe ƙugu ta tsaya a kansa.

"Faɗi abin da kake so."

"Ni? Me zan so? Na ci, na sha, ga bencina. Kular nan kawai nake tausayi."

"Kula?"

"Baiwar Allah, ita kaɗai a kujera, ba mai riƙe ta. Hanya ga rami ga gargada. Direba ya taka birki a Tsanyawa, sai dai a tsinci wake a wuyan rigar Alhassan. Da dai da wani mai hankali da zai zauna a wurin ya ɗora ta a cinya... amma ina za a samu? Mutanen kirki sun yi ƙaranci."

Aina'u ta fashe da dariyar da ta sa kaji suka watse a tsakar gida.

"Kai ne za ka rungumi kula daga nan har Katsina? Gwiwar fa?"

"Ɗumin shinkafa da wake ai gashi ne. Asibiti ma abin da suke yi ke nan, sai dai su ba sa haɗawa da yaji."

"Garin barorin naka fa? Kai da ba ka wanke ƙafa ka je gaishe su?"

"Ba gaisuwa za ni ba. Rakiyar kula za ni."

Ta dube shi. Dariyar ta ɗan lafa. Ta koma ta zauna kusa da shi a bencin, ta rage murya.

"Kaka, tsakani da Allah. Kana son zuwa?"

Ya juya ya kalli titi, ya yi magana kamar da titin yake.

"Kowace Talata motar Katsina ke fita da kaya. Ni ke ɗaga mata ƙarfen ƙofa. Direban ya leƙo ya ce, Baba sai mun dawo. In ce a sauka lafiya. Direba biyar aka canza a motar nan ina tsaye. Ɗayansu ne ya ce min garin ƙofa bakwai gare shi. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa... ya lissafa min su duka, na riƙe. Na ce, bakwai. Ni kuwa tawa ɗaya ce."

Ya tofar da tuƙar goro, ya gyara hula.

"So nake in ga ko barorin nawa suna share su, shi ke nan."

Aina'u ta zare wata 'yar takarda da ta ninke a bayan rigar wayarta, ta warware ta a kan cinya, ta ciro biro daga cikin ɗankwali.

"Da sharaɗi."

"Bakatsine ko ruwa zai ba ka sai da sharaɗi."

"Daga ƙofar gidan nan har mu dawo, ba ka taɓa jakar kowa."

"Ta direba fa? Direbobi ba abin yarda ba ne, ni na san su."

"Har ta direba."

"Ta masu ziyara, in na ga ta yi kumburin da ban yarda da shi ba?"

"Ko ta kai girman Dala."

"To kular fa? Ai ita a hannuna take. Amana ce, dole in san abin da aka ba ni."

"Ita ce ta farko a sharaɗin! In na ji murfin nan ya yi ƙara kafin Katsina, a Kankiya za mu sauke ka."

"To me zan yi da hannuna yini guda?"

"Gadin takalma. Duk inda muka shiga, kai ne a bakin ƙofa da rawaya ƙafa tara. Ko ɗaya ya ɓata, a bakin aikinka."

"Shekara ashirin da bakwai ko igiyar silifas ba ta taɓa fita a gabana ba. Ubanki fa?"

"Bar ni da Baba. Zan ce masa ko dai a tafi da kai, ko jikokinsa da 'ya'yansa su zagaya Katsina da hagu biyu, ya zaɓa. To, ta waye?"

"Rubuta tukuna. Maigadi ba ya ɗaga ƙarfe sai ya ga takarda."

Ta rubuta, ta kanga masa a hanci. Ya matso da ita, ya nisanta ta, ya bi layin da yatsa.

"Me ya sa na ga sunana a ƙarƙashin na Firdausi? Nan ai layin yara ne."

"Layin manya ya cika. Ta waye, Kaka?"

"Tabita."

"Maman Joshuwa? Ta gida na uku?"

"Ita. Ta zo dawo wa uwarki da rariya. Yaranta na makarantar Lahadi ke da wasa gobe a majami'a, ta ce so take su fito iri ɗaya. Ta isa ƙofar kamfani ta tarar wata mai ido ta kwashe jajayen, sai ta ɗauki abin da ya rage."

"Wayyo Maman Joshuwa! Kuma ka bar ta ta tafi ba ka gaya mata ba?"

"Na ce mata kar ta kwance ɗaurin sai ta ji daga gare ni. Duk inda baƙi biyu suka shiga, ja biyu na nan tafe. Ban dai zaci a gidana za su sauka ba. Ki haɗa goma ki kai mata, ki karɓo baƙi ɗaya. Ki yi sauri, ƙarfe biyar take tafiya zumuntar mata."

Aina'u ta hau tattara silifas tana zubawa a leda, tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta tsaya a na goma, ta ɗaga shi. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannunta ba.

"Tsaya. Goma da goma, ƙafa goma ke nan. Yara kuma tara ne."

"Sai ki ajiye ɗayan."

"A'a, ai yanzu sun cika goma. Ungo, autan mota. In na karɓo ɗan'uwansa ka haɗa."

Ta ɗora masa shi a gwiwa. Malam Uba ya ɗauka, ya kara shi da ƙafarsa. Babban yatsansa kaɗai ya rufe rabinsa. Kafaɗunsa suka soma rawa, dariyar ta taso masa tun daga ciki har hularsa ta zame.

"Kin ci, Bakatsiniya. Kin ci. Amma ki sani, auta kusa da taga ake sa shi."

"Da kula a cinya za ka ga taga?"

"Ta gefe zan leƙa. Wuce."

Ta kai bakin ƙofa, ta juyo. Ƙaramar jakarta na nan a kan bencin. Hannunsa ya riga ya kai kanta, ya ja zip ɗin har rabi.

"To ƙarasa mana in ɗauki abata."

Ya dubi jakar, ya dubi ɗan silifas ɗin da ke ɗaya hannun. Ya janye yatsunsa.

"Bar ta haka. Sai mun dawo daga Katsina."

Ta fita da gudu, ledar na kaɗawa. Shi kuma ya dafa bango ya miƙe, gwiwar ta yi 'yar ƙara bai kula ta ba, ya nufi cikin gida yana ɗaga murya:

"Ku mutanen gidan nan masu zancen gawayi! Wa ya ga farar rigata ta salla?"

Jakar tana nan a kan benci, bakinta rabi a buɗe.